Saƙar Hulɗa Ba Ta Saƙa Kanta

A shekarar 2007 wasu masana biyu na Amurka, Nicholas Christakis da James Fowler, suka fitar da wani bincike da ya cika jaridun duniya. Sun bi diddigin mutum 12,067 da ke cikin wani dogon binciken ciwon zuciya da aka fara a garin Framingham, tun daga 1971 har zuwa 2003, suka ce sun gano cewa idan abokin mutum ya yi ƙiba, to yiwuwar shi ma ya yi ƙiba tana ƙaruwa da kashi 57 cikin 100. Ƴan jarida suka yi caraf suka ce ashe ƙiba ɗaukarta ake yi kamar mura. Bayan shekara guda, wasu masanan biyu, Ethan Cohen-Cole da Jason Fletcher, suka ari irin wannan dabarar lissafi suka ɗora ta a kan bayanan ɗaliban makarantun Amurka, sai ga shi ta nuna cewa ƙurajen fuska da ciwon kai, har da tsawon jiki, duk daga abokai ake ɗaukar su. Har yau dai ba a ji wanda ya ƙara tsawo don ya yi abota da dogo ba.

Wannan ɗan labari ya isa ya nuna ciwon da ke damun wata babbar mazhaba ta ilimin zamantakewa, wadda za a kira ta a nan mazhabar saƙar hulɗa. Mabiyanta suna kallon al'umma kamar tarun masunci. Kowane mutum ƙulli ne, kowace alaƙa kuma, ta aure ce ko ta ciniki ko ta abota, zare ne da ya haɗa wani ƙulli da wani. Masu tsauri daga cikinsu suna da'awar cewa wanda ya san inda ƙulli yake a cikin taru, da yawan zaren da ke shiga cikinsa, ya san mafi yawan abin da ya kamata a sani game da mutumin, tun daga aikin da zai samu har zuwa ra'ayin da zai bi. Abin da ke cikin ransa kuwa, a ganinsu, ƙura ce da ba ta cancanci a tsaya aunawa ba.

Bahaushe ba zai musa rabin wannan magana ba, domin shi ne ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Sai dai shi ne kuma ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, wato yakan ga wanda ya tashi a tsakiyar wasu mutane ya fito da halin da ba nasu ba. Ra'in da ya iya bayyana karin magana na farko ya kasa bayyana na biyu, gurgun ra'i ne, kuma gurguntakarsa ba ta tsaya a aji ba, kamar yadda za a gani.

Abu biyu ake jayayya a kansu. Na farko shi ne ikon aikatawa, wato ko mutum yana da hannu na gaskiya a cikin abin da yake yi, har a ce da ya ga dama da ya yi wani abin daban. Na biyu shi ne waiwayen kai, wato yadda mutum ke juyowa ya dubi kansa da halin da yake ciki, ya auna, sannan ya yanke shawara. Ɗalibin Hausa ba baƙo ba ne a nan, domin nahawun harshen ya tanadi kalmar "kai" don aikin da ya komo kan mai yin sa: ya tambayi kansa, ta zargi kanta, sun yaudari kansu. Harshen ya kuma raɗa wa abin suna, saƙar zuci, har akan ce wane ya kwana yana saƙawa yana kwancewa. Saƙa biyu ke nan, ta waje da ta ciki, kuma rigimar duka a kan wacce ce ke riƙe da wacce.

Abin dariya shi ne, da zaɓin mutane aka haifi wannan hanyar nazari tun ranar farko. A 1932 ƴan mata goma sha huɗu suka gudu cikin mako biyu daga wata makarantar horon ƴan mata da ke Hudson a jihar New York. Jacob Moreno, likitan ƙwaƙwalwa da ya yi ƙaura daga Vienna, tare da abokiyar aikinsa Helen Jennings, suka zana taswirar alaƙar ƴan matan makarantar, suka ce matsayin kowace yarinya a cikin taswirar ya fi bayyana gudun nan fiye da halinta. To, amma daga ina zaren taswirar ya fito? Daga tambaya ya fito. An tambayi kowace yarinya da wa take son zama, ita kuma ta duba cikin ranta ta ba da amsa. An tara hukuncin zukata an mayar da shi layuka a kan takarda, sannan aka juyo aka ce layukan ne ke tuƙa zukatan.

Daga nan hanyar ta bunƙasa. John Barnes ya yi amfani da ita a 1954 wajen nazarin wani yankin masunta a Norway, Elizabeth Bott ta yi nazarin iyalai ashirin na Landan a 1957, Clyde Mitchell da abokansa kuma suka kai ta garuruwan haƙar tagulla na Zambiya. Waɗannan duk masu zama da mutane ne, masu sauraron abin da suke faɗa. Sai a shekarun 1970, lokacin da Harrison White da almajiransa a jami'ar Harvard suka shigo da lissafi mai zurfi, kwamfuta kuma ta zo ta sauƙaƙa shi, aka fara samun manazarcin da zai zana hulɗar mutum dubu ba tare da ya gaisa da ko ɗaya daga cikinsu ba. Ƴan gida ma sun koka. A 1994 Mustafa Emirbayer da Jeff Goodwin, waɗanda ba maƙiyan mazhabar ba ne, suka rubuta cewa ta kasa ba al'ada da ikon aikatawa matsayin da ya dace da su.

Wanda ya san wani

Binciken da ya fi kowane shahara a wannan fage shi ne na Mark Granovetter, almajirin White, wanda ya fito a 1973. Ya tambayi ma'aikata a Newton, kusa da birnin Boston, yadda suka sami aikinsu. Daga cikin waɗanda suka samu ta hanyar wani da suka sani, kashi 16.7 ne kawai suka ce suna yawan ganin mutumin, kashi 55.6 suka ce jefi-jefi, kashi 27.8 kuma suka ce da wuya su haɗu. Bayaninsa mai ma'ana ne. Aminan mutum sun san juna, labarin da ke wurinsu shi ne wanda ke wurinsa, sabon labari kuwa daga nesa yake zuwa, ta bakin wanda ake gaisawa da shi sama-sama. Babu mai hankalin da zai raina wannan bincike, kuma Granovetter kansa ya yi gargaɗi daga baya a kan ɗaukar mutum tamkar ɗan amshin shatan al'umma. Matsalar tana wurin waɗanda suka haddace sakamakon suka mayar da shi doka, suka riƙa koyar da cewa labari yana bin zare kamar yadda ruwa ke bin kwata.

Labari ba ya tafiya da ƙafarsa. Sai wani ya ga dama ya faɗa, wani kuma ya cire kunya ya tambaya. Sandra Smith ta nuna haka ƙarara a binciken da ta fitar a 2005, inda ta tattauna da baƙaƙen fata 105 masu ƙaramin ƙarfi a jihar Michigan. Kafin ita, bayanin da aka saba bayarwa shi ne cewa talakawan unguwannin nan ba su samun aiki ne saboda ba su san masu aiki ba. Smith ta tarar sun san su. Zaren yana nan daram. Abin da ke faruwa shi ne, mai aiki yakan san akwai gurbi a wurin aikinsa, ya kuma san ɗan'uwansa ko abokinsa na nema, amma ya yi shiru, domin ya auna cewa idan ya kawo shi ya zo yana makara ko ya bar aikin bayan mako biyu, sunansa ne zai ɓaci a wurin shugabansa, shi kuwa ba shi da wani jari sai wannan sunan. Wasu sukan faɗi labarin gurbin amma su roƙi kada a ambaci sunansu. A ɗaya ɓangaren, mai neman aikin ma yakan ƙi tambaya, don gudun a wulaƙanta shi ko don kada ya kunyata wanda ya tsaya masa.

A taswirar manazarci, waɗannan mutum biyu ƙulli biyu ne da zare mai ƙarfi a tsakaninsu, lissafi kuma zai ce mai neman aikin yana da hanya. A zahiri kowannensu ya kwana yana saƙar zuci, sakamakon saƙar kuwa shi ne babu abin da ya bi ta zaren. Wanda bai shiga wannan saƙar ba ba zai taɓa gane dalilin da ya sa taru iri ɗaya ya kama kifi a nan ya fito wayam a can ba. Hausawa sun taƙaice shi da cewa zumunta a ƙafa take. Jini yana ba mutum ɗan'uwa, amma tashi a je gaishe shi aiki ne da ake yanke shawarar yi ko bari, kowane wata, kowace Salla.

Masu kare mazhabar sukan kawo misalin gidan Medici a matsayin hujjarsu mafi ƙarfi. A 1993 John Padgett da Christopher Ansell suka tattara bayanan auratayya da ciniki da bashi na manyan gidajen birnin Florence na Italiya a farkon ƙarni na 15, don su gano yadda Cosimo de' Medici, wanda abokan gaba ƙarƙashin Rinaldo degli Albizzi suka kora daga birnin a 1433, ya dawo a 1434 ya zama mai faɗa a ji. Suka tarar cewa gidan Medici yana auratayya da tsofaffin gidaje masu asali da ke wajen unguwarsa, yana kuma kasuwanci da sababbin masu kuɗi na cikin unguwarsa, rukunan biyu kuwa ba su hulɗa da juna sai ta hannunsa. Abokan gabarsa sun sarƙe da juna ta ko'ina, kowa na ganin kansa shugaba, shi ya sa ranar da aka nemi su fito da makamai suka yi ta jan ƙafa. Marubutan sun ƙara da cewa Cosimo bai tsara wannan matsayi ba, gadonsa ya yi daga ƙyamar da manyan gidaje suka nuna wa danginsa bayan tawayen masu aikin ulu na 1378.

An yarda, bai saƙa tarun ba. Amma su marubutan ne da kansu suka bayyana yadda ya zauna a cikinsa: mutum ne mai ƙarancin magana a bainar jama'a, mai ba da amsar da kowane rukuni zai fassara yadda ya yi masa daɗi, wanda ba ya barin a gane inda ya dosa. Wace irin halitta ce ke iya wannan? Shirun da aka yi da gangan a gaban mutum biyu masu buƙatu masu karo da juna yana buƙatar mai shirun ya san yadda wannan ke kallonsa, ya san yadda wancan ke kallonsa, ya kuma danne harshensa shekara da shekaru. Da ya kasance mai saurin fushi ko mai son a yabe shi, da magana guda ta isa ta haɗa rukunan biyu a kansa. Hujjar da aka kawo don a nuna ƙarfin matsayi ta ɓuge da nuna gwanintar wanda ke zaune a matsayin.

Jandarma kwance

Akwai wani reshe da ya biyo ta wata hanya daban, na Bruno Latour da Michel Callon a Faransa. Su ba su hana mutum ikon aikatawa ba, rabawa suka yi da kowa da komai. A wurin Latour, wanda ya rasu a 2022, duk abin da ya sauya yadda al'amari ke gudana mai aikatawa ne, ko mutum ne ko ƙofa ko ƙwayar cuta. Misalinsa da ya shahara shi ne tudun da ake ginawa a kan titi don rage gudun mota, wanda Faransawa ke kira jandarma kwance. Allon gargaɗi yana roƙon direba ya tausaya wa yara, tudun kuwa yana tilasta masa ta hanyar barazana ga motarsa, don haka tudun ya karɓi aikin jandarma. Wannan lura ce mai kaifi, kuma ilimin zamantakewa ya daɗe yana magana kamar mutane suna rayuwa a sarari ba tare da kaya ba.

Sai dai daga lura zuwa ra'i akwai rami. A 1986 Callon ya rubuta labarin wasu masana uku da suka yi ƙoƙarin kiwon wata halittar teku mai ƙumba a gaɓar Saint-Brieuc, da taimakon masuntan wurin. Ya yi amfani da kalmomi iri ɗaya ga kowa. Ƴaƴan halittar da suka ƙi maƙalewa a jikin abin da aka tanadar musu sun bijire, masuntan da suka faɗa wurin da aka killace a jajibirin Kirsimeti suka kwashe abin da ake kiwo su ma sun bijire. Amma masuntan sun san akwai alkawari, sun san abin da za su samu a kasuwa a daren, sun auna suka zaɓi kuɗin. Ana iya kiran su taro a tambaye su, su ji kunya ko su kare kansu. Ita kuwa ƙumba babu taron da za a kira ta. Hausa tana cewa ƙofa ta buge shi, tana cewa ruwa ya ci shi, ba ta jin nauyin ba abu marar rai gurbin mai aikatawa a cikin jimla, amma ba a taɓa kai ƙofa gaban alƙali ba. Latour ya ce idan mutum ya harbi wani, wanda ya yi aikin wani sabon abu ne da ya haɗu daga mutum da bindiga. A matsayin bayanin yadda makami ke sauya mai riƙe da shi, maganar tana da amfani. Amma iyalan mamaci suna da tambayar da ra'in ba shi da kalmomin amsa ta, domin a cikin haɗin nan ɓangare ɗaya ne kawai zai iya cewa a'a.

Wadda ta fi kowa tsayawa a kan wannan batu ita ce Margaret Archer, masaniyar Ingila da ta yi shekaru a jami'ar Warwick, ta kuma rasu a 2023. Ta zargi manyan ra'o'in zamaninta da cuɗa abubuwa biyu da ya kamata a rarrabe. Wasu sun narkar da mutum a cikin tsarin al'umma, wasu sun narkar da tsarin a cikin mutum, Anthony Giddens kuma, a ganinta, ya dama su wuri guda har ba a iya gane wanda ya riga wani. Ita ta ce tsari yana rigan mutum, domin kowa yana buɗe ido ne ya tarar da gida da harshe da matsayin da bai zaɓa ba. Amma tsari ba ya zama shinge ko tsani sai mutum ya ƙudura wani abu. Tsadar karatun jami'a ba ta tare wanda bai yi niyyar shiga ba. Abin da ke haɗa tsari da aiki, in ji ta a littafinta na 2003, shi ne zancen da mutum ke yi da kansa, inda yake tantance abin da ya fi damunsa a duniya, ya dubi halin da yake ciki, ya tsara abin da zai yi.

Akwai suka mai nauyi a kan wannan, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. A 1977 Richard Nisbett da Timothy Wilson suka ba da rahoton wani gwaji da aka jera safa huɗu iri ɗaya sak, aka ce masu wucewa su zaɓi wadda ta fi kyau. Mutane suka fi ɗaukar ta hannun dama, da aka tambaye su dalili kuma suka yi ta yabon laushi da saƙa, suka musanta cewa wurin da aka ajiye ta ya yi tasiri. Idan mutum bai san dalilin da ya sa ya zaɓi safa ba, don me za a amince da labarinsa kan aure ko sana'a? Amsa ita ce, ba a ce saƙar zuci gaskiya take faɗa kullum ba. An ce tana da tasiri ne. Saurayin da ya ƙudura a ransa cewa kawunsa ba zai taimake shi ba, alhali kawun a shirye yake, ba zai je ba, kuma kuskurensa ne zai yanke abin da zai faru, taswira kuwa tana can tana nuna zare mai ƙarfi. Manazarcin da ya ƙi sauraron mutane don suna kuskure ya zubar da ɗaya daga cikin musabbaban abin da yake nazari.

Ita ma Archer ba a bar ta haka ba. Daga hira da mutum ashirin ta fitar da nau'o'in waiwayen kai huɗu: mai buƙatar ya ji ta bakin wasu kafin ya kammala tunaninsa, mai yanke shawara shi kaɗai, mai yawan tuhumar kansa da al'ummarsa a kan wata manufa, da wanda tunanin ke ƙara masa damuwa ba tare da ya kai shi ga aiki ba. Mutum ashirin sun yi kaɗan su ɗauki wannan gini, kuma mutum guda yakan shiga nau'i biyu ko uku tsakanin safe da yamma, gwargwadon abin da ke gabansa. Ta kuma danganta nau'in farko da zama inda aka tashi ba tare da ci gaba ba, wanda hukunci ne da ya fi dacewa da Ingilar zamaninta. A wuraren da neman shawarar manya ya zama ladabi, wanda ya je wurin mahaifinsa ko malaminsa sau da yawa ya riga ya gama saƙarsa, ya kuma zaɓi wanda zai tambaya don ya san irin amsar da zai samu. Bugu da ƙari, muryoyin da mutum ke gardama da su a cikin ransa na uwa ne da malami da aboki, da harshen da ya koya a wurinsu. Taru yana shiga har cikin zuciya. Wannan gaskiya ce da masu saƙar hulɗa suka fi Archer riƙewa, ko da yake ta matso kusa da ita a littafin da suka rubuta da Pierpaolo Donati a 2015. Amma shigar muryoyin ba ta kawar da mai sauraronsu ba, wanda ke bin wannan yau ya saɓa wa waccan gobe.

Ɗalibin da ke son ganin yadda saƙa biyun ke aiki tare ba sai ya je Florence ba. Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafinsa a 1969 kan yadda Hausawa suka riƙe cinikin shanu da goro tsakanin arewa da ƙasar Yarabawa. Falke yakan kawo shanu ya sauka a wurin maigida, dillalan maigida su sayar wa mahauta Yarabawa bashi, babu takarda, babu banki, maigida ne ke tsayawa idan mahauci ya ƙi biya. Wanda ya zana wannan zai ga maigida a tsakiya, zare na fita daga gare shi ta ko'ina, ya ce ga sirrin ƙarfinsa. Amma kowane bashi hukunci ne da aka yanke a kan wani mutum takamaimai: wannan mahaucin ya biya bara, an ce yana da bashi a wani wuri, a ba shi sa biyu kada a ba shi biyar. Falke ma yana auna maigida, idan ya ga alamar wasa ya sauya masauki. Amana ce zaren, ita kuwa amana kullum ana sake duba ta. Inda Cohen ya yi rauni shi ne wajen bayyana yadda mutanen Sabo suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya a shekarun 1950, inda ya fi karkata ga cewa hanya ce ta kare keɓantuwarsu da cinikinsu bayan ikon sarkin unguwar ya raunana. Mai yiwuwa ɗariƙar ta yi wannan amfani. Sai dai amfanin abu daban, dalilin da ya sa mutum ya karɓi wuridi ya kuma dawwama a kansa daban, kuma na biyun a wurin mai wuridin ake jin sa.

Mai karatu zai iya cewa duk wannan gardamar malamai ce, wadda ba ta hana kowa barci. Da haka ne da an huta. Dabarun zana hulɗa sun daɗe da fita daga jami'a. Littafin jagoran yaƙi da ƴan tawaye da sojojin Amurka suka fitar a 2006 yana da rataye na musamman kan nazarin saƙar hulɗa, kuma a 2014 Michael Hayden, wanda ya shugabanci manyan hukumomin leƙen asirin ƙasar guda biyu, ya faɗa a bainar jama'a a jami'ar Johns Hopkins cewa suna kashe mutane bisa bayanan da ke nuna wa ya kira wa, yaushe, daga ina. Babu wanda zai ɗora wa Granovetter ko White alhakin wannan. Amma tunanin da ke ƙarƙashinsa shi ne wanda aka yi ta bitarsa a sama, cewa matsayin ƙulli ya isa ya faɗi ko wane ne mutum.

A watan Satumba na 2010, a lardin Takhar na Afganistan, jiragen yaƙi suka kai hari kan jerin motocin masu yaƙin neman zaɓen majalisa, mutum goma suka mutu. Rundunar ta ce ta kashe wani babban kwamandan Taliban, kuma ta tsaya a kan bakanta. Binciken da Kate Clark ta fitar a 2011 ya nuna cewa kwamandan yana raye, har an yi hira da shi bayan harin. Wanda aka kashe wani mutum ne da ya ajiye makami tun 2001, yana zaune a Kabul a fili, ya zo taya ɗan'uwansa neman ƙuri'a. Sun taɓa magana ta waya da kwamandan, masu bin diddigin lambobi kuma suka haɗe mutum biyun suka mayar da su ƙulli guda. Jami'an lardin da mutanen yankin sun san shi, sun san tarihinsa da ranar da ya juya wa yaƙi baya, amma masu taswirar ba su tambaye su ba.